LAFIYA UWAR JIKI: Jinjiri ba shi da laifi, a binciki ƙasar gida

Da wuya a sami gida a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, inda ba a taɓa ganin uwa ta yar da muciya ta ruga ta ƙwaƙulo yashi daga bakin ɗanta ba. Kaka kuwa tana gefe tana dariya, tana cewa a ƙyale shi, ai ubansa ma ya ci bai mutu ba. Kowace daga cikinsu tana da gaskiya, amma rabi ce.

Gaskiyar kaka ita ce, kai abu baki ba cuta ba ne. Daga wata 5 ko 6, da zarar hannu ya iya damƙa, har zuwa wajen shekara 2, baki shi ne ma'aunin jinjiri. Yadda ɗan kasuwa ba ya sayen buhun gyaɗa sai ya ɗiba ya tauna, haka shi ma yake gane taushi da tauri, da ɗaci da zaƙi. Tsawa da duka ba su hana shi, sai dai su koya masa tsoro.

Gaskiyar uwa kuwa ita ce, ƙasar tsakar gida ba ƙasa ce zalla ba. Akwai kashin kaji da na bisashe, akwai na yayyen jinjirin da aka share sama-sama. Macen macijin ciki guda tana iya zuba ƙwai kusan 200.000 a rana ɗaya. Ƙwan nan suna fita cikin bayan gida, ido ba ya ganinsu, kuma suna iya yin shekaru da rai cikin ƙasa mai laima da inuwa. Ta wannan hanya tsutsar ciki da zawo suke samun yaro, ya rame, girmansa ya tsaya, alhali tuwo bai yanke a gidan ba.

Akwai abin da ya fi wannan muni. A shekarar 2010, a jahar Zamfara ta Najeriya, maƙwabciyar jahar Maraɗi, likitocin ƙungiyar Médecins Sans Frontières sun gano cewa gubar dalma ce take kashe ƙananan yara a ƙauyukan yankin Anka da Bukkuyum. Masu neman zinariya ne suke daka duwatsu cikin gidajensu, ƙurar ta gauraya da ƙasar da yara suke rarrafe a kai. Yara fiye da 400 suka rasu. Sai da aka kankare saman ƙasar gidajen aka zuba sabuwa. Kafin nan, tsakanin 2007 da 2008, yara 18 sun mutu a Thiaroye, kusa da Dakar, inda ake fasa tsofaffin baturan mota ana ciro dalma. Yaron da ya tsira ma, gubar tana iya dakushe masa ƙwaƙwalwa, abin da ba a ganewa sai ya shiga lakkwal.

Hausawa sun ce, in gemun ɗan'uwa ya kama da wuta, sai a shafa wa na kai ruwa. Ɗan kasuwar da ya mayar da zaurensa sito, ya jibge matattun batura, da maganin ƙwari, da maganin ɓera, ya san cewa abin da ya tsiyaya ƙasa yana iya ƙarewa a cikin ɗansa. Ma'aikaciyar da take fita biro tun da safe kuma, ta tuna cewa ƴar renon da ta bar wa goyo sau da yawa ita ma yarinya ce, tana bukatar a nuna mata abin da za ta yi.

Rigakafin ba ya cin jikka ko ɗaya: a keɓe wa mai rarrafe wuri mai shara da tabarma, kaji su koma akurki, kashin yara ya tafi salga nan take, a wanke masa hannu da sabulu kafin ya ci abinci. In ya haɗiyi ɗan yashi mai tsabta, a goge masa baki, a kwantar da hankali. Maganin tsutsa kuwa, hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta yarda a soma ba da shi daga shekara 1, bisa shawarar ma'aikacin lafiya.

Amma in ƙasar ta taɓa guba, ko aka ga amai, ko farfaɗiya, ko kumburin ciki, sai gidan likita ba tare da jinkiri ba. Haka nan yaron da ya wuce shekara 2 yana ɓoyewa yana ɓantarar bango: sau da yawa alamar ƙarancin jini ce, awo yake bukata, ba bulala ba.

Jinjiri ba shi yake zaɓen ƙasar da zai zauna a kai ba. Maigida da uwargida ne suke zaɓa masa.