CUTA BIYU A BISA MA'AUNI ƊAYA

  Ya ku malamai da fatake na ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, maganarmu yau a kan ciwon daji ce, wanda waɗansu ke kira sankara, da abin da annobar korona ta koya wa likitocinsa.

Kun tuna da shekarar 2020. Ran 27 ga Fabrairu aka sami mai cutar na farko a Ikko, cikin watan Afrilu ta iso Kano da Jigawa. Aka rufe Kano, aka hana ƙetare iyakar jiha har farkon Yuli. To, mai gero ya iya barin geronsa a rumbu ya jira. Matar da ke da ƙullutu a nono fa? Ga Asibitin Tarayya nan a Birnin Kudu, amma kadan ciwon ya kai ga gashi, watau hasken da a ke ƙone tsiron da shi, a shekarar nan sai an dangana da Shika ta Zariya, ko Abuja, ko wani wuri mai nisa. Hanya kuwa duk shinge ne.

Likitocin duniya duka suka sami kansu cikin matsalar da malaman fiƙihu suka sani sarai: in cuta biyu suka haɗu, ba makawa sai an ɗauki ɗaya, sai a ɗauki mafi sauƙi. Ruwan maganin daji da a ke sa wa a jijiya yana karya garkuwar jiki, ga annoba a bakin ƙofa. Fiɗa ma da haɗarinta, gama an duba mutum 1,128 a ƙasashe 24 waɗanda korona ta kama dab da fiɗa ko bayanta, aka tarar kusan ɗaya cikin huɗu ya rasu kafin kwana 30. In kuwa aka ce a jira, tsiro ba ya jiran kowa.

Saboda haka suka kasa marasa lafiya kashi uku. Wanda ciwonsa ke gudu, kuma akwai tsammanin warkewa, aka yi masa aiki ko da annoba. Wanda ke iya jiran 'yan makonni aka jinkirta masa. Mai zuwa duba kurum aka ce ya zauna gida a yi magana ta waya. Inda ƙwaya za ta tsaya a madadin ruwan jijiya suka ba da ƙwaya, don a rage zirga-zirga. Waɗansu mata masu dajin nono, irin wanda ke jin ƙwaya, aka riƙe ciwonsu da ita har ɗakin fiɗa ya samu. Har wa yau suka gajarta gashi. A dā a kan yi zuwa 25 cikin mako biyar, daga baya 15 cikin mako uku. Cikin Afrilun nan na 2020 likitocin Ingila suka bayyana gwajin da suka yi da mutum fiye da 4,000, cewa ga masu dajin nono da bai yi nisa ba, zuwa biyar cikin mako guda ya wadatar.

Da ƙura ta lafa, sai ma'auni ya nuna abin da ba a zata ba. A Ingila an bi sawun masu daji 800 da korona ta kama, ba a ga ruwan maganin ya ƙara musu mutuwa ba. Tsufa da waɗansu cututtuka su ne suka fi yin ɓarna. Sa'an nan cikin Nuwamba aka tattara lissafin ƙasashe da dama, aka ga kowane jinkirin mako huɗu kafin fiɗa yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari. Ashe sau da yawa jinkirin ya fi abin da a ke gudu nauyi.

To, jama'a, nan ne maganar ta dawo kanmu. Annoba ta tsare hanya wata biyu ko uku, muka yi kuka. Mu kuwa mukan tsare mara lafiya shekara guda a ɗaki, ba hukumar da ta sa mu. Likitocin Arewa sun daɗe suna cewa yawancin masu daji ba su zuwa sai ciwo ya fashe. Kafin su ga likita, wa suka fara gani? Malam, don addu'a, da attajirin dangi, don kuɗin mota.

Malam, yi addu'arka, amma cikin makon nan ka ce wa mijin ya kai ta asibiti, gama neman magani bai saɓa wa tawakkali ba. Alhaji, kai da ba ka barin bashi ya kwana kasuwa biyu a Sara, kada ka bar ƙanwarka ta jira kaka. Hukuma kuma muna roƙonta abu biyu: ta yi tanadin takardar wucewa ga mai daji tun kafin wata annoba, ta kuma matso da na'urar gashi kusa da talakawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye shelar ta-ɓaci a kan korona ran 5 ga Mayu, 2023. Amma kakanninmu sun ga murar 1918, mu mun ga wannan, jikokinmu ma za su ga tasu. Daji kuwa yana nan kullum, ba ya tafiya hutu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa mu dace, amin.