Kulorokwin: Darasin kimiyya ga Sabon Birni da Isa

Da zarar damina ta kankama a ƙasar Gobir, zazzaɓin cizon sauro kan kwantar da yara gida-gida a ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa na jihar Sakkwato.

Hare-haren 'yan bindiga, irin wanda ya hallaka mutane fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni a watan Mayun 2020, sun kori ma'aikatan lafiya daga wurare da dama, sun kuma tilasta wa dubban jama'a tsallakawa jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar.

Waɗanda suka rage sun fi dogara da kemis, inda har yanzu akan samu kulorokwin, duk da cewa tun a 2005 Nijeriya ta sauke shi daga matsayin maganin farko na zazzaɓin.

Abin tambaya a nan shi ne, me ya karya ƙarfin wannan magani, kuma me ya sa ya gaza a kan cutar korona?

Jakar narka abinci

Amsar tana cikin wata 'yar jaka mai tsami da ke cikin ƙwayoyin halittar jikin ɗan Adam, wadda ake kira laisozom. Masanin kimiyya ɗan ƙasar Beljiyam, Christian de Duve, shi ne ya gano ta a 1955.

A cikinta akwai sinadarai masu datsa furotin kamar almakashi. Ɗaya daga cikinsu shi ne katepsin L, wanda ƙwayar gado mai suna CTSL ke bayar da umarnin ƙera shi.

Aikinsa shi ne sassara tsofaffin furotin da ƙwayoyin cutar da jiki ya haɗiye. Da irin waɗannan gutsattsari ne ake nuna wa garkuwar jiki kamannin abokin gaba. Sai dai almakashin ba ya ci sosai sai da tsami.

Wasu cututtuka sun mayar da wannan makami mabuɗinsu. A 2005 masu bincike a Amurka suka nuna cewa ƙwayar Ebola da ta SARS suna bukatar katepsin ya datse rigarsu kafin su kutsa cikin ƙwayar halitta.

Rububin 2020

Shi kuwa kulorokwin yakan taru a cikin jakar ya rage tsaminta, almakashin ya dakushe. Wannan ne ya sa aka yi masa kyakkyawan zato da ɓullar korona.

Bayan da Shugaba Donald Trump ya yaba masa a watan Maris na 2020, jama'a suka yi ta rububinsa, har hukumomin jihar Legas suka ba da rahoton kwantar da mutanen da suka sha fiye da ƙima.

Amma a watan Yunin shekarar, wani babban gwaji a Birtaniya ya nuna cewa ɗan'uwansa, haidroksikulorokwin, bai rage mace-macen majinyata ba.

Masu bincike a garin Gottingen na Jamus suka bayyana dalili. Gwaje-gwajen farko an yi su ne da ƙwayoyin ƙodar biri, inda cutar ke bi ta hanyar katepsin. A huhun mutum kuwa tana da wata ƙofa, wato sinadarin TMPRSS2 da ke bayan ƙwayar halitta, wanda bai damu da tsami ba.

Ƙwayar zazzaɓi ta sake dabara

Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ita ma tana da tata jakar mai tsami, inda take narka jinin mutum da sinadarai 'yan dangin katepsin. Narkawar tana barin guba wadda dole ƙwayar ta daskarar da ita, kuma kulorokwin yana hana wannan daskarewa.

Daga baya ƙwayar ta samu sauyi a ƙwayar gadonta, wanda aka gano a 2000, ta yadda take fitar da maganin daga jakar kafin ya yi aiki. Shi ya sa aka koma ga magungunan haɗi na ACT.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin a duniya 'yan Nijeriya ne. Tun a 2012 ta ba da shawarar a riƙa bai wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 a yankin Sahel maganin rigakafi wata-wata a lokacin damina.

Haka kuma ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba. A watan Afrilun 2024 hukumar NCDC ta ce mutane 164, akasari yara, sun kamu da wata baƙuwar cuta mai kumbura ciki a Isa, an kuma samu dalma a jinin wasunsu.

Don haka gwajin jini kafin shan magani ya zama wajibi. Amma kayan gwaji da magungunan haɗi da masu raba rigakafi duk sai sun bi hanyoyin Gatawa da Bafarawa kafin su isa ga yaran, kuma muddin ba a tsare waɗannan hanyoyi ba, iyaye za su ci gaba da sayen abin da suka tarar a kemis.