Kafin a Kankare Fulogi, a Fara Duba Launinsa

Da mota ta fara gardamar tashi da safe, ko ta shiga shan mai fiye da kima, abin da bakanike ke fara yi shi ne kwance fulogi, wanda a garejin Maraɗi da Damagaram aka fi sani da buji. Sai ya wanke shi da fetur, ya kankare da burushin ƙarfe, ya mayar. Mota ta tashi, mai ita ya biya, kowa ya kama gabansa. Bayan mako biyu sai ga shi ya dawo da kukan jiya.

Wankin ba laifi ba ne. Gaggawar ce illa. Bakin fulogi yana cikin silinda, inda tartsatsinsa ke kunna fetur da iska, don haka duk abin da ke damun inji yakan bar alama a kansa. Idan launinsa ruwan ƙasa ne mai haske, inji lafiya lau yake. Busasshen baƙin hayaƙi yana nuna fetur ya rinjayi iska, sau da yawa saboda ƙurar hunturu ta toshe iyakilina. Idan ya jiƙe da baƙin mai, to mai na kutsawa cikin silinda, galibi don ringin fistin ya cinye. Fari fat mai ƙuna kuwa alamar zafi ne da ya wuce ƙa'ida. Wanda ya goge waɗannan alamu bai duba ba ya rufe bakin shaida kafin a saurare shi, cuta kuma tana nan daram.

Wankin ma da ladabinsa. A bari inji ya huce kafin a kwance, a hure ƙurar da ke kewaye don kada ta faɗa cikin silinda, sannan a auna tazarar bakin, wadda a yawancin motoci take tsakanin milimita 0.7 da 1.1. Fulogin zamani mai tsinin iridiyam, wanda kan kai kilomita 100,000, ba a kankare shi, domin tsinin siriri ne ƙwarai. Goge shi da samfefa gyaran gangar Auzinawa ne. Idan ya gaji, sai canji.

Mai mota ma da nasa alhakin. Ya kamata ya nemi a jera masa fulogan yadda aka ciro su, ya tambayi dalilin da ɗaya ya fi 'yan'uwansa baƙi. Kuɗin fulogi kaɗan ne. Na sauke inji kuwa sai wanda ya biya ya san zafinsa.