Mun raina na kyauta, mun rungumi na sata

A watan jiya, bayan an tashi daga lakwal, wani dattijo ya tare ni a bakin ƙofa ransa a ɓace. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Mushe, ɗanka ya lalace. Kwana yake yi da abu toshe a kunne, yana kiɗa a cikin kwamfutar yayansa. Ka ja masa kunne, ni na gaji." Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, a turo mini shi gobe da kwamfutar."

Yaron ya zo. Yana ajin da za su zauna jarrabawar BEPC bana. Na saurari abin da ya haɗa, kiɗa ne na kamar minti biyu, kuma in faɗi gaskiya, yaron yana da kunne. Abin da ya dame ni daban ne da abin da ya dami mahaifinsa. Na tambaye shi inda ya samo manhajar, ya ce wani mai gyaran kwamfuta ne a Maraɗi ya sa masa FL Studio a kan jika biyu, kuma sai da aka kashe manhajar kariya kafin ta shiga. Ita FL Studio kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam ne ke yin ta, kuma sayar da ita yake yi. Nau'in da ake ɗaukar murya da shi yana tasar wa jika 100, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jika 42. Wanda ya ba yaron a jika biyu fasasshiya ya ba shi, wato ta sata. Kwamfutar kuwa ta cika da ƙwayoyin cuta, har na ƙi yarda in soka kile ɗina a jikinta, don sakamakon 'yan ajina duka yana ciki.

To, a nan nake da magana da mu iyaye da mu malamai. Uban yaron nan ya kwana yana fushi a kan kiɗa, amma bai san cewa darasi na farko da ɗansa ya koya a harkar kwamfuta shi ne: abin da ba ka iya saye, ka nemi wanda ya fasa. Mu malamai kuwa mun sani, mun yi shiru, saboda yawancinmu abin da ke cikin namu kwamfutocin bai fi na yaron tsarki ba. Da safe mu rubuta darasin ɗa'a a allo, da yamma mu buga takardar jarrabawa da manhajar sata. Alhali kuwa akwai wadda masu ita suka ce a ɗauka, a kwafa, a raba wa duk wanda ake so, ba tare da ko dala ba.

Linux nake nufi, da manhajojin kiɗa da ke aiki a kansa. Linux babbar manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta, kishiyar Windows. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, shi ya fara ta a 1991, ya kuma bar tushen rubutunta a buɗe don kowa ya duba ya gyara. Ɗaya daga cikin sanannun nau'o'inta, Ubuntu, ɗan Afirka ta Kudu ne, Mark Shuttleworth, ya kafa ta a 2004, akwai ma reshenta mai suna Ubuntu Studio da aka tanada don masu aikin sauti da hoto. A kan Linux za ka sami LMMS, wadda tsarin aikinta ya yi kusa da abin da yaranmu suka saba gani a FL Studio. Akwai Audacity ta ɗaukar murya da yanke ta, wadda ke nan tun shekarar 2000. Akwai Hydrogen ta jera bugun ganguna, akwai kuma Ardour ga wanda ya yi nisa yana son aiki irin na situdiyo.

Na san abin da za a ce, don an riga an faɗa mini a ɗakin malamai: araha ba ta ado. Wani abokin aikina ya ce da abin kirki ne da ba a ba da shi kyauta ba. Na ce masa ya ciro wayarsa. Android ɗin da ke ciki a kan Linux aka gina shi, kuma bai taɓa ce mini wayarsa kayan talaka ce ba. Raini ne kawai, irin wanda muke yi wa duk abin da bai zo da tsada ba. Mutumin da ya raina kyautar halal ya je ya biya kuɗi ya sayi kayan sata, ni ban san da wane suna zan kira wayonsa ba.

Ba na ɓoye aibinta. LMMS ba ta ɗaukar murya kai tsaye, sai ka ɗauka a Audacity ka kawo. FL Studio ba ta da nau'in Linux, kuma da yawa daga cikin ƙananan manhajojin sauti na sayarwa da ake jona wa babbar manhajar kiɗa ba sa shiga sai da dabara. Yaron da ya ƙudura zai yi aiki a situdiyon Kano wata rana zai koyi kayan da suke amfani da su can. Amma wanda ya fahimci yadda ake jera bugu, da daidaita ƙarfin sauti, da haɗa murya da kiɗa, canjin manhaja ba zai ba shi wuya ba. Wanda ya koyi tuƙi da tsohuwar mota ba a sake koya masa sitiyari in ya shiga sabuwa.

Abin da ya fi ci mini rai ma ba satar ba ce. Ku saurari kiɗan da ke fita daga wayoyin yaranmu, daga Madarunfa har Ɗan Isa, ku tsallaka Jibiya ku je Katsina. Kusan duka murya ɗaya ce. Tun da fiyanon Yamaha ya shiga situdiyoyin finafinan Kano a shekarun 1990, sautin da aka ɗura masa daga masana'anta ya zama shi ne kiɗan Hausa a kunnen yaro. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubutu mai yawa a kan wannan sauyi. Ba na zagin masu fiyano, sun ciyar da iyalansu, sun kuma yi waƙoƙin da ni ma nake saurare. Sai dai fiyano yana da iyaka. Tsakanin sauti da ninkinsa matakai 12 daidai wa daida gare shi, babu komai a tsakaninsu. Kalangu bai san wannan doka ba. Makaɗi yana matse igiyoyinsa a hammata, sautin ya hau, ya sassauta, sautin ya sauko, yana bin hawa da saukar maganar Hausa, shi ya sa mahauci yake jin an kira sunansa ba tare da an buɗe baki ba. Haka goge yake zamewa daga sauti zuwa sauti. In ka danna abin da fiyano ya kira ganga, hoton ganga ka ji, hoton ma na gangar wasu.

A nan ne buɗaɗɗiyar manhaja ta yi mana rana. Da waya mai ɗaukar sauti da Audacity, yaro zai je wurin mai kalangun unguwarsu, ya nemi izini, ya ɗauki bugunsa ɗaya bayan ɗaya, na sama da na ƙasa da mai zamewa. Ya yanke su, ya zuba a Hydrogen, ya sami tarin ganguna na garinsu. Injinan ƙirƙirar sauti irin su ZynAddSubFX, wanda ke zuwa a cikin LMMS, da Surge XT, wanda aka buɗe tushensa a 2018, suna barin mutum ya sauya matakan nan 12 ya sa nasa, ya daidaita su da gurmi ko sarewa. Mai sha'awa zai sami irin wannan a wasu manhajojin sayarwa, amma da kuɗin da ba mu da shi. Kuma akwai sharaɗi: makaɗin da aka ɗauki bugunsa a faɗi sunansa, a kuma sallame shi. In ba haka ba mun gudu daga wata sata mun faɗa wata, wannan karon ma maƙwabci muka yi wa.

Kada wani ya ce wannan baƙon abu ne a Nijar. Mamman Sani ya fitar da kaset na kiɗan ogan na lantarki tun 1978, yana ɗauko karin waƙoƙin ƙasar nan yana sa su a inji. Mu da muka tashi a shekarun 1980 mun sha jin kiɗansa tsakanin shirye-shirye a rediyo da talabijin ba mu san sunansa ba, sai da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi a 2013 duniya ta yi ta yabo. Marigayi Malam Maman Barka, wanda ya rasu a 2018, malamin makaranta ne irinmu kafin ya shahara da gurmi, daga baya ya je yankin tafkin Cadi ya koyi biram don kada ya ɓace. Ba a ce ɗayansu ya lalace ba.

Ga iyayen da ke ƙyamar kiɗa saboda addini, ba zan shiga hurumin malamai ba, kowa ya bi abin da ya gamsu da shi a gidansa. Abin da zan ce shi ne Audacity ba ta tambayar abin da ka zo ɗauka. Da ita ake gyara karatun allo, da wa'azi, da darasin da za a tura wa ɗalibai ta WhatsApp, da sanarwar gidan rediyon karkara. Tana kuma nuna sauti a ido. Na taɓa sa yara suka ga igiyar sauti mai kaɗawa sau 220 a daƙiƙa, sannan 440, sannan 880, suka ji da kunnensu cewa sauti ɗaya ne ke hawa bene. Darasin da na saba zana shi da alli suna hamma, ran nan har aka buga ƙararrawa ba wanda ya motsa. Kuma yaron da ke son wannan abu, in an hana shi a gida, ba dainawa zai yi ba. Mota zai shiga ya tafi Maraɗi, ya zauna a shagon da ba ku san mai shi ba, har dare.

Mu malamai kuma mu daina fakewa da rashin kaya. Makarantu nawa ne ke da kwamfutocin da wata ƙungiya ta kawo, aka yi biki, aka ɗauki hoto, yau suna ofishin darakta ƙura ta rufe su? An ce sun tsufa. Gaskiya ne Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 ba ta shiga tsofaffin injina da yawa. Amma nau'o'in Linux marasa nauyi, irin su Lubuntu, suna tayar da kwamfutar da ta haura shekara goma. Sau ɗaya ake sauke ta inda intanet ke da ƙarfi, a sa a kile, a kwafa wa makarantu goma, babu dokar da aka taka. Ana ma iya gwada ta daga kan kilen ba tare da an goge komai ba. Matsalar wuta tana nan, na sani, ni ma da ita nake kwana. Amma ba rashin wuta ne ya hana mai gyaran Maraɗi sayar da fasasshiyar manhaja ba.

A makarantar horon malamai an koya mana waƙa da zane a matsayin darussa, muka fito muka mai da sa'o'insu lokacin shara da cike gurbin lissafi. Yanzu kuma tun 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Manhajojin nan suna da Faransanci, kuma ƙofar fassara su a buɗe take ga duk wanda ya sa kansa. Wa muke jira ya fassara mana su zuwa Hausa, in ba mu da muka iya harsunan biyu ba?

Shi dai yaron na sa masa Linux a gefe ɗaya na kwamfutar, da izinin yayansa. Kwana uku yana ƙorafin maɓallan ba inda ya saba suke ba, a rana ta huɗu ya daina. Na yi sharaɗi da shi a gaban mahaifinsa: ba kiɗa sai Asabar da Lahadi har a gama BEPC, kuma aikinsa na farko shi ne ya ɗauko mini bugun kalangun mahautan kasuwar Madarunfa. Alhaji bai ce ya yarda ba, bai kuma ce ya hana ba, ya dai ce zai zo taron iyayen yara na ƙarshen wata. A taron zan nemi a ba ni mabuɗin ɗakin da kwamfutocinmu huɗu suke, da awa biyu ranar Laraba da yamma.