Mai Shan Maganin Tsinka Jini da Ranar da Amai Ya Kama Shi

Cikin magungunan da likitoci ke rubutawa a Kano, kaɗan ne ke buƙatar kaffa-kaffa irin ta warfarin, ƙwayar da jama'a ke kira maganin tsinka jini. Ana ba da ita ga wanda aka yi wa wasu ayyukan zuciya, da mai rikicewar bugun zuciya, da wanda jini ya daskare masa a jijiyar ƙafa ko a huhu. A 1948 aka fara sayar da ita a Amurka a matsayin maganin ɓera, sai a 1954 aka amince mutane su sha. Idan ƙarfinta ya gaza, gudan jini na iya toshe jijiya har ɓarin jiki ya shanye. Idan ya yi yawa, jini ya ɓalle. Shi ya sa ake auna jinin mai shanta da gwajin INR, wanda ake so ya tsaya tsakanin 2 da 3 ga yawancin marasa lafiya.

To idan tashin zuciya ya kama irin wannan mutum, maganin amai zai yi karo da warfarin? Ya danganta da maganin. Aprepitant, wanda ake ba masu shan maganin sankara, yana sa hanta ta sarrafa warfarin da sauri, ƙarfinta ya ragu. Takardar maganin ta ce a sa ido kan INR tsawon mako biyu, musamman daga kwana 7 zuwa 10. Ondansetron da metoclopramide kuwa ba su cika taɓa ƙarfinta ba.

Sai dai manomin Madobi ko Kura ko Bunkure da ke amai ba kasafai yake isa gaban likita ba. Kemis yake zuwa, a ƙulla masa haɗi, kuma a nan haɗarin yake. Idan aman ya zo da gudawa, akan jefa Flagyl ko Septrin, dukansu kuma suna hana hanta narkar da warfarin, sai ta taru a jiki. Idan akwai ciwon jiki, a ƙara diclofenac ko ibuprofen, masu ƙuje ciki su jawo zubar jini. Ga kuma rashin cin abinci: sinadarin bitamin K da ke cikin zogale da alayyafo da rama shi ke rage kaifin warfarin, don haka wanda ya kwana uku bai ci miya ba, ƙwayar ta fi kama shi.

Akwai abu biyu da suka sa lamarin ya fi tsanani a wannan yanki. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, hanyoyin ruwa suka kawo albarkar shinkafa da alkama da tumatir, suka kuma zaunar da tsargiya. Mutumin da ya taso yana ganin jini a fitsari ba zai razana da shi ba, alhali ga mai shan warfarin wannan gargaɗi ne babba, kamar haɓo, da zubar jinin dasashi, da baƙin bayan gida, da amai mai jini. Na biyu, tashin zuciyar mace na iya zama laulayi, warfarin kuwa na iya illata ɗan tayi a watannin farko. Wadda aka kwantar wa aman da ƙwaya ba tare da gwajin ciki ba, an ɓoye mata abin da ya kamata likitanta ya sani.

Wani zai ce ai doka ta hana masu kemis sayar da irin waɗannan magunguna ba da takardar likita ba. Gaskiya ne, kuma a 2024 hukumomi sun matsa wa dillalan maganin Sabon Gari su koma sabuwar cibiya a Dangwauro, kan hanyar Zariya. Wannan gyara ne na inda magani ke fitowa. Bai kai ga teburin da ake miƙa shi ga mai amai da tsakar dare ba, kuma kemis ɗin ƙauye zai ci gaba da zama wurin da aka fi saurin isa.

Ra'ayina shi ne a fara da abin da ba ya cin kuɗi mai yawa. Duk wanda aka ɗora kan warfarin a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko Asibitin Murtala, a ba shi kati da Hausa, boko da ajami, mai ɗauke da sunan maganin, da magungunan da zai guje wa, da alamun haɗari. Hukumar da ke ba masu kemis lasisi ta koya musu tambaya guda kafin su ƙulla haɗi: kana shan wani magani kullum? Gwamnatin jiha kuma ta tabbatar ana gwajin INR a manyan asibitocin ƙananan hukumomi, domin kuɗin mota zuwa birni kan hana mutum zuwa awo.

Mai shan ƙwayar shi ma yana da nasa nauyin. Idan ya amayar da ita, kada ya ninka ta da kansa, kada kuma ya daina. Idan aman ya wuce yini guda, ko ya zo da matsanancin ciwon kai ko da jini, ya nufi asibiti, ya kuma faɗi sunan warfarin kafin a tambaye shi.