Albasa, Rufin Asirin Tukunya



Duk wanda ya ratsa kasuwar Funtuwa ko ta Malumfashi a ƙarshen hunturu, sa'ad da masu noman rani na bakin madatsun Mairuwa da Gwaigwaye da fadamun Ɗanja da Ƙafur suke kawo amfaninsu, ya ga yadda ake jibge albasa har mai saye yana yanga, lalle zai zaci ba ta da wata martaba. Alhali kuwa in aka tambayi uwargida, wadda ita ta san sirrin murhu, za ta shaida cewa miyar da ta rasa nama tana iya ciyuwa, amma wadda ta rasa albasa sai dai a ci don larura.

Ita ce ke kashe ƙarnin kifi da nama, ita ke tayar da ƙamshin mai idan an soya ta, ita ke gyara ƙullun ƙosai da alala, kuma da ita ne kwaɗon zogale da fate da ɗanwake suke zama abin marmari a gidan talaka. Ko ganyenta, wato lawashi, ba a yar da shi, domin iyayenmu sukan daka shi su shanya ya zama gabu, ya yi watanni yana ɗaukaka miyar kuka.

Ba yau Banu Adama suka san ƙimarta ba. Alƙur'ani mai girma ya ambace ta a Suratul Baƙara, aya ta 61, cikin abubuwan da Banu Isra'ila suka roƙi Annabi Musa, alaihis salam. Shari'a kuma ba ta haramta ta ba, sai dai ta koya mana ladabi: wanda ya ci ɗanya kada ya cutar da masallata da warinta, kuma Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya yi nasiha cewa a kashe warin da dahuwa.

To, abin baƙin ciki shi ne, da zarar damina ta kankama, danshi ya ruɓar da wadda aka ajiye, sai ka ga abin da aka yi almubazzaranci da shi jiya ya gagari talaka, ana jiran ta Aliero ko ta Galmi ta Jamhuriyar Nijar. Maganin wannan kuwa yana hannunmu. Manomi ya janye ban ruwa kafin cira, ya bari wuyanta ya bushe, ya shimfiɗa ta a rumfa mai iska. Maigida ya saya da yawa lokacin araha. Uwargida ta yanka ta shanya, ta kuma raya sana'ar gabu. Tattalin ni'ima shi ne haƙiƙanin godiya ga Wanda Ya bayar.

Allah Ya sa albarka a gonakinmu da tukwanenmu.