LAFIYA UWAR JIKI: Maganin warin hammata, mu haɗa abinmu a gida

 

A wannan wata za mu taɓo maganar da kowa ya sani amma ba mai son faɗi, watau warin hammata. Abokinka zai gaya maka hularka ta karkace, amma ba zai gaya maka kana wari ba. Sai dai ya ja da baya. Haka ake yi a sahun masallaci, da cikin motar kasuwa, da ajin yaƙi da jahilci, har da ɗakin aure. Mai abin shi ne na ƙarshen sani, don hancinsa ya saba.

Zufa ba abin kunya ba ce. A watannin Afrilu da Mayu zafin ƙasarmu yakan wuce digiri 40. Mai sharar gona, da mai jan guga a bakin rijiya, da mai daka, dole su yi zufa. Da ita jiki ke sanyaya kansa. Abin da muke so mu kora shi ne warin.

DAGA INA WARIN KE FITOWA?

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Zufa idan ta fito ba ta da wari sosai. Amma zufar hammata daban take da ta goshi, tana da ɗan maiƙo. A kan fatar kowane mutum akwai ƙananan ƙwayoyi masu rai da ido ba ya gani. Su ke cin wannan maiƙo, kuma abin da suka bari shi ne ke wari. Suna son wuri mai ɗumi da laima, ga kuma gashi da ke riƙe musu zufa. Irin wannan zufa ba ta farawa sai yaro ko yarinya sun balaga. Shi ya sa ƙananan yara ke wuni cikin rana hammatarsu ba ta wari.

Saboda haka aiki uku ne a gabanmu: a wanke maiƙon, a rage ƙwayoyin, a bar wurin a bushe.

GWANGWANIN KANTI

A kasuwa akwai gwangwanin fesawa da kwalbar shafawa, waɗanda ƴan tireda ke kawowa daga Maraɗi da Katsina da Kano. Suna aiki, amma da tsada, kuma ba su daɗewa. Gidan da ke da mutum goma ba zai iya saya wa kowa ba. Irin wannan magani na kanti bai ma daɗe a duniya ba. A shekarar 1888 aka fara sayar da shi a birnin Filadelfiya na Amurka, da sunan Mum. Tun kafin nan mutane na da dabarunsu. A Indiya da Filifin har yau ana goga alif a hammata, irin alif ɗin da ake sayarwa a kasuwanninmu.

Wanda ya sayi gwangwani, in ya ƙare kada ya jefa shi a wuta, kada ya bar yara su huda shi. Fashewa yake yi.

KAFIN MAGANI, WANKA

Ba maganin da ke aiki a kan dauɗa. Turare, ko humra, ko hayaƙin kajiji, idan suka hau jikin da ba a wanke ba, wari biyu ne suka haɗu.

Mun san ruwa na da wuya a wasu garuruwanmu, rijiya da zurfi, layi da tsawo. To, ranar da ba a samu na wanka ba, buta guda ta isa. A wanke hammata da matse-matsi da tsakanin yatsun ƙafa da sabulu, safe da dare. A goge da tsumma mai tsabta har wurin ya bushe.

A riƙa aske gashin hammata. Malamanmu sun karantar da cewa kada a bar shi ya wuce kwana 40, likita ma bai ƙi wannan ba. Amma kowa da rezarsa. Reza guda ga mutum biyu tana iya ɗaukar ciwon hanta ko sida daga jinin wani zuwa na wani.

DABARA TA 1: DUTSEN ALIF

Alif, wanda wasu ke kira alam, shi ne farin dutsen nan mai kama da ƙanƙara, wanda mata ke kaɗawa cikin ruwan tabki don laka ta kwanta. In ka ɗora shi a harshe sai ya ɗaure maka baki. Yana tsuke fata, kuma yana hana ƙwayoyin nan yawaita.

1. A sayi dunƙule kamar girman goro ko ƙwan kaza.
2. A goga shi a kan dutse da ruwa har kaifin gefensa ya mutu.
3. Bayan wanka a jiƙa shi, a goga a kowace hammata sau 5 ko 6.
4. A bari wurin ya sha iska kafin a sa riga.
5. A shanya dutsen, a ajiye shi inda ruwa ba ya taɓa shi, don narkewa yake yi.

Dunƙule guda yakan yi watanni. Wannan dabara ta fi dacewa da makiyayi da mai tafiya cin rani, don alif ba ya zuba, zafi ba ya lalata shi, kuma yana shiga aljihu. Ba ya tsayar da zufa gaba ɗaya, warin yake ragewa. Kullum ake shafawa.

DABARA TA 2: RUWAN ALIF DA KANUMFARI

1. A daka alif ya yi laushi.
2. A tafasa ruwa kwata na lita, watau rabin ƙaramar gorar ruwa mai rabin lita.
3. A jefa kanumfari guda 5 a ciki, a sauke.
4. A zuba garin alif cokalin shayi 2, a motsa har ya narke.
5. In ya huce a tace da ƙyalle mai tsabta, a ɗura a kwalba mai murfi.

Ana shafa shi da auduga ko da tafin hannu bayan wanka. Yana yi wa masu warin ƙafa amfani, musamman masu sa takalmin roba. A yi kaɗan kaɗan, wanda zai ƙare cikin mako guda. Kada a ɗura shi a kwalbar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari na gona ko maganin dabbobi, ko da an wanke ta. A yi wa kwalbar alama, a rataye ta inda hannun yaro ba ya kai, don ba na sha ba ne.

DABARA TA 3: HODAR GIDA

Wannan ta masu yawan zufa ce. Ana bukatar abu biyu. Na farko gari mai laushi da ke shan laima: sitacin rogo, ko gasarar gero da aka shanya ta bushe ƙarau, aka niƙe, aka tankaɗe. Na biyu bikarbonat, farin garin nan da ake samu a farmasi da wajen masu sayar da kayan fanke da biredi. Shi ke kashe tsamin zufa.

1. Sitaci ko busasshiyar gasara, babban cokali 3.
2. Bikarbonat, babban cokali 1.
3. Dakakken kanumfari, ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka.

A gauraya, a zuba a gwangwani mai murfi. A shafa kaɗan a busasshiyar hammata. Kada a ƙara yawan bikarbonat da nufin ya fi ƙarfi, fata ce za ta sha wuya. Da hunturu, lokacin da fata ke bushewa, ana iya kwaɓa hodar da man kaɗe babban cokali 2, a riƙa lakatar kamar ƙwayar wake. A ajiye shi a gindin randa don kada ya narke.

LEMUN TSAMI FA?

Mutane da yawa na shafa shi, kuma tsaminsa na rage ƙwayoyin. Amma da sharaɗi. A surka shi da ruwa, rabi da rabi. A shafa da dare, a wanke da safe. A wanke hannu bayan an matse shi, don ruwan lemun tsami idan ya zauna a fata rana ta buge shi, yakan ƙona wurin, ya yi ƙuraje masu ruwa, ya bar baƙin tabo na watanni.

IN KUNNE YA JI, JIKI YA TSIRA

Bikarbonat daban, sodar yin sabulu daban. Dukansu farare ne, shi ya sa ake ruɗewa. Sodar da ƙungiyoyin mata ke haɗa sabulu da ita tana cin nama, tana makantar da ido. Ko kusa kada ta taɓa jiki. In ta taɓa, a yi ta kwarara ruwa a wurin na tsawon lokaci, sannan a tafi likita. Farin garin da ba ka tabbatar da sunansa ba, bar shi.

Kanwa dangin bikarbonat ce, amma ta fi shi zafi, ga gishiri da rairayi a cikinta. Kanwar da ake kawowa daga ƙasar Manga tana da kyau a tukunya da wajen lasar dabbobi, ba a hammata ba. Haka ma toka. Inda kanwa za ta taimaka shi ne wajen wanki: a jiƙa riga cikin ruwan kanwa kaɗan kafin a sa sabulu.

Kowace dabara aka zaɓa, a fara gwada ta a cikin hannu, wurin da fata ke da laushi, a jira kwana guda. In wurin ya yi ja, ko ƙaiƙayi, ko zafi, ba ta karɓe ka ba, a gwada wata. Kada a shafa komai ranar da aka yi aski, ko a kan rauni, ko ƙurji, ko maruru. Mai shayarwa ta kula kada maganin ya kai ga nono. Yaron da bai balaga ba wanka ya ishe shi.

RIGA MA TANA DA LAIFI

Sau da yawa jiki ya fita amma riga ta riƙe warin. Yadin roba irin na rigunan ƙwallo yana riƙe shi fiye da na auduga. Rigar aiki daban, rigar shiga mutane daban. In an dawo daga gona ko kiwo, a juya rigar a shanya ta a rana, kada a cusa ta cikin jaka da laimarta. Wajen wanki a cuɗa hammatar riga sosai.

LOKACIN DA ZA A TAFI LIKITA

Akwai zufar da ba ta alif ba ce. A tafi gidan likita mafi kusa, ko asibitin Tasawa ko na Mayahi, idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Zufar dare mai jiƙa tabarma, tare da rama da tari na fiye da mako 2. Yana iya zama tarin fuka, kuma yana warkewa in an sha magani har ƙarshe.
2. Kullutu a hammata ko a nono da ya ƙi bajewa.
3. Maruru mai tafiya yana dawowa a wuri guda.
4. Warin jiki ko na baki da ya sake, tare da yawan ƙishirwa da yawan fitsari. Wannan na iya zama ciwon sukari.

Iyaye, ɗanku ko ɗiyarku da suka fara girma ba za su tambaye ku ba, kunya ba za ta bar su ba. Uwa ta ja ɗiyarta ɗaki, uba ya ja ɗansa gefe, a ba kowa dutsen alif nasa, a nuna masa yadda ake yi. Ya fi a bari abokai su yi masa dariya a makaranta.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a dandali da cikin gida. Wanda ya san wata dabara da ta yi masa amfani ya rubuto da hannunsa, ya ba malamin yaƙi da jahilci na garinsu ya aiko mana. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai wata mai zuwa.